Ta Daina Barci Idan Hadari Ya Haɗu

Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciya ce a wata ƙungiya a Maiduguri, aikina sauraren masu damuwa da ba su shawara. Tun bayan ambaliyar 2024 nake jin wani irin kuka da ban saba ji ba. Akwai wata budurwa 'yar shekara 19 da ruwa ya ci gidansu a Gwange cikin dare. Yanzu da ta ga hadari ya haɗu sai jikinta ya ɗauki rawa, ta zuba takardunta a leda, ta kwana zaune da takalmi a ƙafa. A gida ana ce mata rashin tawakkali ne, gwaggonta kuma ta ce iska ce. Akwai kuma wani ɗalibin jami'a, shi ruwan bai je unguwarsu ba, amma dare da rana yana kan waya yana kallon gobarar daji da narkewar ƙanƙara. Ya ce mini bai ga amfanin gama karatu ba, balle aure da haihuwa, tunda nan da shekara 30 garin ba zai zaunu ba don zafi. A wani horo da aka yi mana an ce zama cikin itatuwa da ciyayi yana rage irin wannan damuwa, har aka nuna mana hotunan dazuzzukan Japan. Anti, wane daji zan kai su? Mu nan fita bayan gari sai da shiri, ita kuma yarinyar ai ruwa ne ya cuce ta. Gaskiya ni ma gabana yana faɗuwa in na ji tsawa. Ki ba ni shawara.

Daga wata ƙanwarki a Maiduguri.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da aiki, sannu kuma da abin da ya same ku. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri.

Tambayar da kika yi, wane daji, ita ce tambayar da ya kamata a yi a wancan horon tun kafin a tashi. Ba za ki kai su daji ba. Darbejiyar da ke harabar wurin aikinku ta ishe ki farawa, zan kuma zo kanta. Amma kafin nan ina so ki raba waɗannan yara biyu a ranki, domin ciwonsu ba ɗaya ba ne ko da yake duk sama suke kallo. Ita yarinyar abin ya riga ya same ta, jikinta ne bai yarda an wuce wurin ba. Shi ɗalibin abin da bai zo ba tukuna yake zullumi. In kika ba su magani ɗaya, ɗayansu zai cutu.

Mu fara da ita, don tata ta fi gaggawa.

Kada ki taɓa ce mata babu abin tsoro. Ta fi ki sanin akwai. Madatsar Alau ta ɓalle a daren da ya waye 10 ga Satumban 2024, ruwa ya bi kogin Ngadda ya shigo gari mutane suna barci, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu. Iyayenta kuma sun ga irin wannan a 1994. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, balle ita macijin nata yana nan bai mutu ba, damina kuwa kowace shekara sai ta zo. Saboda haka ledar takardun nan da ake yi mata dariya a kai, ni hankali na gani a cikinta. Abin da ya lalace kawai shi ne ita kaɗai ke gadin gidan, kuma da jikinta take gadin.

Ki sauke mata wannan gadin. Ki nemi zama da mahaifiyarta ko wani babba a gidan, a yi tsari a fili, ita ma tana zaune: jaka ɗaya da takardun kowa da tocila da maganin masu shan magani, a rataye ta a ƙusa kusa da ƙofa tun farkon damina, a san gidan wa za a nufa a tudu, a san wa zai ɗauki wane yaro, wa zai kama hannun tsohuwa, a sa mutum ɗaya ya riƙa bin sanarwar NiMet, wato hukumar hasashen yanayi, da ta hukumar agajin gaggawa a rediyo. In wannan ya tabbata, kina da abin da za ki ce mata ranar da hadari ya taso: jaka tana ƙusa, yayanki yana sauraron rediyo, yau ba ke ce mai gadi ba, cire takalmin. Na fi yarda da wannan a kan kowace irin lallashi.

Maganar rashin tawakkali kuwa tana yi mini ciwo, domin tana ƙara wa yarinya laifi a kan tsoro. Ki tuna wa mutanen gidan abin da Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ruwaito, yana cikin Bukhari da Muslim: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, idan ya ga hadari ko iska mai ƙarfi fuskarsa takan canja, ya shiga ya fita, ya kai ya kawo, sai ruwan ya sauka sannan hankalinsa ya kwanta. Da aka yi ruwa mako guda a Madina har gidaje suka fara rushewa, wani ya miƙe ana huɗuba ya kai kuka, ba a ce masa ya rasa imani ba, addu'a aka yi: Allahumma hawalaina wa la alaina, Ya Allah a kewayenmu, kada a kanmu. Ki ba ta wannan addu'ar ta riƙe. Gwaggon ma kada ki yi jayayya da ita. In suna son yin addu'o'insu su yi, ke dai ki roƙi a bar yarinyar ta ci gaba da zuwa wurinki, kuma kada a bari wani ya dake ta ko ya turara mata abin da zai shaƙe ta da sunan fitar da iska.

Yanzu bishiyar. Ki fitar da zamanku daga ofis zuwa inuwa, da izininta, kuma ki fara tun da rani, lokacin da sama take fes babu abin da zai tayar mata da hankali. Da sassafe ko bayan la'asar. Tabarma, kujera biyu in ba ta son ƙasa, butar ruwa. Ki bar ta ta zaɓi inda za ta zauna; galibin masu irin wannan firgici sun fi son jingina da gindin bishiya suna ganin ƙofar fita. Kada ki ce ta rufe ido, domin cikin duhu ruwan ya zo mata. Ki ce ta tsinko ganye ɗaya ta duba bakinsa mai kama da zarto, ta murza shi ta sansana ɗacin, ta sa tafin hannu a ɓawon ta faɗa miki ko da ɗumi ko da sanyi, ta ƙirga miki muryoyin tsuntsaye nawa take ji ban da ƙarar Keke Napep. Sannan numfashi: ta ja a hankali, ta sake shi a hankali fiye da yadda ta ja. Fitar da numfashi mai tsawo yana rage gudun zuciya, wannan aikin jiki ne, ba sai ta yarda da shi ba kafin ya yi. Ku maimaita wannan har ya zama in ta zauna a wurin kafaɗunta suna sauka da kansu. Kina gina mata wuri ne da jikinta ya sani da natsuwa, wanda za ta iya tunowa ranar da sama ta yi baƙi.

Daga nan sai ruwa, amma ruwan da ke hannunta. Ki ba ta dashe ɗaya, zogale ko gwaiba ko lemun tsami, a tsohon bokiti ko buhu, ya zama nata. Ita za ta ɗebo ruwan a gwangwani, ita za ta zuba, ita za ta ce ya isa. Yarinyar da ruwa ya shigo mata ɗaki ba sallama, ki bar ta ta yi wata guda tana ba ruwa umarni. Ki lura da ita sosai ranar farko: ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da mu muke marmari, ita yana iya mayar da ita daren nan cikin ƙiftawar ido. In kika ga idonta ya tsaya ko hannunta ya fara rawa, kada ki janye ta da gudu, kada kuma ki matsa. Hannu a ɓawon bishiya, numfashi, ki kira sunanta, ki tambaye ta yau wace rana ce. In abin ya lafa a ci gaba. Sai ta saba da wannan za ku tashi mataki: kallon gajimare tare kuna faɗin kamanninsa, sauraren yayyafi daga baranda kina gefenta, wata rana ta miƙa hannu ɗigon ya taɓa ta. Bakin Ngadda shi ne ƙarshe, in ma ta so zuwa. Ita ce za ta ce an kai, ba jadawalin ofishinku ba.

Ki san iyakarki a nan. Idan mafarkin yana tashin ta kusan kullum, ko ta daina ci, ko ta daina fita, ko ta furta cewa gara ta mutu, bishiya ba za ta ɗauki wannan ita kaɗai ba. Kuna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a cikin garinku, ki haɗa ta da su, ki raka ta in da hali, kuma ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin cutar da kanta. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin. Sau da yawa ma sauƙi take kawowa.

Abin da aka faɗa muku a horo yana da tushe. Mutanen Japan sun sa wa zama cikin daji don lafiya suna tun 1982. A 1984 wani mai bincike a Amurka, Roger Ulrich, ya duba bayanan marasa lafiyar da aka yi wa tiyatar maɗaciya a wani asibitin Pennsylvania, ya ga waɗanda tagarsu ke kallon itatuwa sun riga masu kallon bango fita daga asibiti, kuma sun fi su ƙarancin shan maganin ciwo mai ƙarfi. Ki lura, taga ce kawai. A 2019 wani nazari kan mutum kusan 20,000 a Ingila ya nuna masu samun minti 120 a mako a wuraren da ke da itatuwa ko ruwa sun fi faɗin cewa suna cikin lafiya da walwala, ko a zama ɗaya suka yi ko a gutsuttsure. Alaƙa ya nuna, bai ce bishiya tana warkar da firgici ba. Wanda ya fi kusa da halinku ma yana Zimbabwe, inda likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama a benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraren masu ciwon da 'yan ƙabilar Shona na can ke kira yawan tunani. Benci, inuwa, da kunnen da ya iya saurare. Duk kuna da su.

Shi kuma ɗalibin, abu na farko ki gaya masa ba shi kaɗai ba ne, kuma bai zautu ba. A 2021 mujallar Lancet mai kula da lafiya da muhalli ta buga binciken da aka yi wa matasa 10,000 masu shekara 16 zuwa 25 a ƙasashe 10, har da Najeriya. Kashi 59 cikin 100 sun ce suna cikin matuƙar damuwa kan sauyin yanayi, kashi 75 sun ce gaba abin tsoro ce, kusan 4 cikin 10 kuma sun ce suna ɗari-ɗari da haihuwa. Zafin da yake magana a kai ma ba ƙirƙira ya yi ba: a farkon Afrilun 2024, ana cikin azumi, ma'aunin zafi ya kai digiri 48.5 na Celsius a garin Kayes na Mali. Don haka kada ki shiga musun lissafi da shi, zai kayar da ke, ya koma gida ya fi da baƙin ciki. Matsalarsa ita ce duk abin da ya sani game da ƙasa ta gilashin waya ya san shi, waya kuwa abin da ya ƙone da abin da ya nutse take nunawa, kuma ba ta ba hannu aikin yi. Mutum ya yini yana kallon gobarar da ba zai iya zuba wa ko moɗa ɗaya ba, dole ya karaya.

Ki ba shi labarin Maraɗi, domin ina kyautata zaton wayar ba ta taɓa nuna masa ba. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984 gonakin yankin sun zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi, itatuwan da ake dasawa kuma mafi yawansu suna mutuwa. Wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, a farkon shekarun 1980 ya tsaya ya duba 'yan kumbuna da ke tohowa a gonaki, waɗanda manoma ke sassabewa su ƙone kowace bazara, sai ya gane kututturan itatuwan da aka sare ne, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Aikin da ya biyo baya ba ya buƙatar kuɗi: ka zaɓi rassa kaɗan mafi ƙarfi a kan kututturen, ka datse sauran, ka kare su daga dabba da wuta. Saiwar da ta riga ta kai ga danshi sai ta tura su sama da saurin da dashe ba zai yi ba. Manoma suka kira shi sassaben zamani, maƙwabci ya koya daga maƙwabci, har aka ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, musamman Maraɗi da Damagaram. Talakawa ne suka yi wannan da adda da wuƙa, a ƙasar da ta fi tamu ƙarancin ruwa.

Cikin itatuwan da suka dawo har da gawo, kuma ki yafe mini in na ɗan tsaya a kansa, don a ƙarƙashinsa na girma. Akwai guda a tsakiyar gonar mahaifina. Da damina, lokacin da kowace bishiya ta yi kore shar, shi sai ya zubar da ganye ya tsaya tsirara kamar matacce, geron da ke gindinsa kuwa ya fi na ko'ina tsawo da kauri, don ya sami rana ga takin ganyen. Da rani ya yi tsanani, komai ya bushe, sai ya yi ganye, awaki su taru suna cin 'ya'yansa da suka faɗo, mu kuma mu baje a inuwar muna jiran a sauke fura. Ina ƙarama na taɓa ce wa Baba a sare shi ya mutu. Ya kama hannuna ya kai farcena kan wani ƙaramin reshe, ya ce in kankare. Kore ne a ciki, da danshi. Ina so ɗalibin nan ya yi irin wannan kankarar da farcensa.

Yadda za ki yi shi ne ki nemo masa dattijo. Garinku cike yake da manoma da masunta da makiyaya da rikici ya koro daga ƙauyuka da bakin Tafkin Chadi, suna zaune da ilimin da ba mai tambayarsu, su ma da nasu baƙin cikin na ƙasar da suka sani ta sauya ko ta gagara komawa. Ki haɗa shi da ɗaya daga cikinsu, su zagaya unguwa ko harabar jami'a. Tsohon ya nuna masa aduwa da magarya da kurna da tsamiya da sabara, wanne ake ci, wanne ke magani, wanne ke nuna ruwa yana kusa, yaushe shamuwa ke isowa ta ce damina ta matso. Shi kuma ya rubuta, ya ɗauki hoto. Wayar ta sami aikin kirki. Su nemi kututture mai toho a wani kango ko gefen makaranta, su yi masa sassaben zamani da izinin mai wurin. Daga baya ki tara irinsa biyar ko shida, don na tabbata ba shi kaɗai ne a ajinsu ba, su yi renon iri a ledojin fiya wata da suke tsintowa daga kwata. Kwatar ta sami sauƙi, ledar ta zama tukunya. Wannan irin damuwa tana ƙiba ne a kaɗaici, tsakar dare, ɗaki a rufe. Ku yi yarjejeniya wayar ta kwana nesa da shimfiɗa, labarin yanayi kuma sau ɗaya a yini, da rana.

Zai ce miki bishiya goma ba za ta sauke zafin duniya ba. Ki ce masa gaskiya ne. Hayaƙin da ya jawo wannan mafi yawansa ba daga nan ya tashi ba, kuma fushin da yake ji a kan haka halal ne, ya kai shi inda zai yi amfani: ƙungiyar ɗalibai, tambayar wakilansu ina aka kwana kan gyaran Alau da magudanan ruwa, karatun da yake son yarwa wanda ƙila shi ne makaminsa. Amma inuwar bishiya goma tana sauke zafin layi ɗaya, wannan kuwa da fatarsa zai ji. In Musulmi ne ki karanta masa hadisin Anas da Imam Ahmad ya ruwaito, cewa in Alƙiyama ta tsaya alhali ɗayanku yana riƙe da dashen dabino, in zai iya dasa shi kafin ta tsaya to ya dasa. In Kirista ne, ya san an sa Adamu a gonar ne don ya nome ta ya kiyaye ta. Batun aure da haihuwa kuwa kada ki tsananta, kada kuma ki yi masa wa'azi. Ki ce masa ba yau za a yanke ba, kuma ba a yanke irin wannan hukunci bayan kwana uku ba barci. Ki duba shi ma ko abin ya gangara ciwon damuwa mai nauyi, ki yi masa tambayar nan ta kai tsaye da na ce ki yi wa yarinyar.

Zama a waje yana da nasa sharaɗi. Sirri shi ne babba: ki zaɓi inda ba a jiyo magana, ku kuma shirya abin da za ku ce in wani sananne ya ratso. Budurwa sai da sanin gidansu. Watan Afrilu da Mayu kada ki zaunar da kowa a waje da tsakar rana ko da inuwa.

Saura ke. A layin ƙarshe kika saka kanki, kamar abin kunya, alhali ke ma a garin kike ranar. Mai sauraren kukan ambaliya yini guda sannan ta koma gida ta ji tsawa, dole gabanta ya faɗi. Ki nemi abokiyar aiki da za ku riƙa zama ko sau biyu a wata, ku sauke wa juna. Jakar nan ta ƙusa, ki rataya taki. Kuma ba laifi in yarinyar ta tambaye ki, ki ce mata e, ni ma ina jin tsoro, ga abin da nake yi in ya zo. Za ta fi yarda da numfashin da ta ga kina yi da gaske.

In za ku mayar da dashen ƙasa, ku jira ruwa ya zauna, kuma ku tanadi ƙaya ko tsohon kwando tun kafin ranar, don awakin gari ba sa jira. Duk da haka wani zai mutu. Ki faɗa musu tun farko, ki kuma ajiye biyu ko uku a gefe na maye, musamman saboda yarinyar. Ba na so ta zo wata safiya ta tarar da bokiti babu komai, ke kuma ba ki da abin miƙa mata. Ki rubuto mini bayan ruwan farko, ina son in ji ko ta kwana ba takalmi.